Fuskar Gwaggo Yalwa a Birnin Majigi

A bayan kowane farin bango da aka taɓa haska hoto a kansa akwai hanya, kuma duk hanyoyin nan wuri ɗaya suke zuwa, wato Birnin Majigi. Can ne duk abin da 'yan Adam suka ƙaga suka nuna wa juna don ban tsoro yake komawa ya zauna da ransa, yana jiran ranar da zai gamu da wanda ya ƙaga shi. Mutane kaɗan ne suka shiga suka fito, kuma a cikinsu ban ji wanda ya fito yana tinƙaho ba. Ga yadda ta kasance da ɗayansu, Tanimu na Tudun Marke.

Tanimu shi ne mai shirin Tsikar Jiki, wanda wata tashar talabijin ta birni take nunawa duk mako. Kowane mako da labarinsa. Wannan makon fatalwa ce a motar haya, na gaba mutanen ƙarfe ne suka sauko daga wani tauraro suna neman gero, na gaba kuma rijiya ce mai kiran sunan masu wucewa. Labaran ba su da haɗi da juna sai a abu ɗaya: kafin a fara kowanne, sai an nuna wata tsohuwa a cikin hayaƙi tana juya ƙatuwar tukunya, ta ɗago fuska mai zanen agana da ido ɗaya fari, ta yi wata doguwar dariya kamar daga ƙasan rijiya. Yara su ruga bayan iyayensu mata, manya su yi ta maza alhali cikinsu ya ɗuri ruwa. Wannan fuskar ce ta ɗaga shirin, ita ce ta sa aka daina ce masa Tanimu aka koma Darakta.

Tsohuwar nan kuwa ba 'yar wasa ba ce. Gwaggonsa ce, Yalwa, yayar mahaifinsa, wadda ta goya shi tun yana jinjiri bayan rasuwar uwarsa, ta ciyar da shi da sana'ar sabulun salo. Sunan mahaifinta ya ci, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai Babana. Wata rana ya zo gida ya same ta tana dahuwar sabulu, ya ce, "Gwaggo, ɗago in ɗauke ki hoton tarihi." Ta ɗago ta yi masa dariyar murna. Ya koma birni ya zauna gaban kwamfuta, ya ja dariyar ya kaurara ta, ya zuba wa idon mai lafiya ja, ya duhunta hayaƙin. Ya ce da zuciyarsa ai Gwaggo ba ta da talabijin, ba ta yawon gidajen mutane, ina za ta gani? Kun ji dabarar mai ilimi.

Gwaggo ba ta da talabijin, amma Tudun Marke cike take da su. Tun ana raɗa har magana ta fito fili. Masu sayen sabulu suka ɗauke ƙafa, mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta ratso, aka daina kai mata goron suna. Sai yara suka fara cewa suna gamuwa da ita a lungu da tsakar rana, idonta ja wur, tana wannan dariyar, alhali a lokacin tana gida gaban tukunyarta. Ana cikin haka Hanne, 'yar autar Sarkin Fawa, ta dawo daga aike ta yanke jiki ta faɗi. Ba ci ba sha, ba abin da take ambato sai Gwaggo Yalwa.

Tanimu yana ɗakin tace hoto da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ladidi ce, maƙwabciyar Gwaggo ta katanga ɗaya, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ka kyauta, Tanimu. Cewa ake yi ai ɗan da ta goya ma ya san mayya ce, shi ya sa ya tona mata asiri a talabijin. Yau bayan la'asar za a fito da ita ƙofar gidan Sarkin Fawa, a sa ta kwance zane ta tsallake yarinyar don ta saki kurwarta. Tsohuwar da ko ɗankwalinta ba a taɓa ganin ya zame ba. In da sauran kunya a idonka, ka san abin yi."

Kunya kam ta zo masa, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Ya buɗe kwamfuta da niyyar goge hoton, sai ka ce gogewar za ta bi mutane gida ta goge abin da suka gani. Hoton ya buɗe. Ga hayaƙi, ga tukunya, ga ɗankwali, amma inda fuska take babu komai sai fili. Wata murya ta fito daga lasifika, a natse.

"Ya kai ɗan Adam, abin da kake nema an riga an sa shi, ana yawo da shi. In kana da magana, zo Birnin Majigi ta bangon tsohuwar sinimar garinku, kafin inuwa ta karkata."

Bai tsaya tambayar wa ke magana ba, ya haye babur ya kama hanyar gida.

Sinimar Tudun Marke ta daɗe da mutuwa. Ba rufi, awaki ne ke hutawa a kan bencinan siminti. Ya iso rana na tsaka, lokacin da mai hankali ba ya ratsa kango. Ya tsaya a tagar sayar da tikiti ya yi sallama. Wani dogon hannu mai farin gashi ya fito ta tagar, ba a ganin mai shi.

"Wa ke sallama a ƙofar waɗanda ba a gani?"

"Darakta ne, mai shirin Tsikar Jiki."

"Mun san shirin, muna kallo. Yaranmu na shan dariya in an nuna mu da ƙaho da kofato. Amma ba a shiga da wannan sunan. Ajiye shi nan, shi ne tikitinka, kuma ba ma mayar da tikiti."

Hannun ya shafi goshinsa. Tanimu ya ji wani abu ya zare daga jikinsa, ya laluba taƙamar da ya saba tafiya da ita ya rasa. Farin bangon ya dare kamar labule, ya sa kai.

Abin da ya fara tararwa kogi ne ja, ba a hango gaɓarsa ta can. Ya sunkuya ya shinshina, sai ƙamshin citta da kanumfari. Zoɓo ne. Duk jinin da ya taɓa zubarwa a shirinsa da zoɓo ya yi shi, ga shi nan ya taru ya zama kogi. A ciki kadoji ne ke iyo, irin waɗanda ya sa aka yanka masa da soson katifa aka dasa musu haƙoran rogo. Sai dai a nan ya ga ɗaya ya kama kututturen giginya ya raba shi biyu.

Mai fito yana zaune a kwalekwale, kansa a hammata. Tanimu ya gane shi, direban nan ne da aka sare wa kai a wani labari na bara.

"Sannu da zuwa, ya wanda ya ƙaga ni," in ji kan. "Ka cire ni daga wuyana ba ka ko faɗi laifina ba, don kawai lokacin talla ya yi. Ban riƙe ka ba, shigo. Amma ka sani jirgin nan ba sanda ke tuƙa shi ba, gaskiya ce. In ka yi ƙarya zai sha ruwa, ga masu jira can kana gani."

Da suka taɓa tafiya, kan ya ce, "Me ka zo nema?"

"Wani kayan aikina ne ya ɓata."

Zoɓo ya ɓullo ta ƙasan jirgi ya rufe masa idon sawu.

"Fuskar wata tsohuwa ce 'yar garinmu," ya yi maza ya gyara.

Zoɓo ya kawo gwiwa. Kadoji suka kewaye jirgin suna hamma.

Tanimu ya sunkuyar da kai. Ashe ko a gaban mutumin da shi ya ƙaga, nauyi yake ji ya ce tsohuwar tasa ce. Ya ce, "Fuskar gwaggona ce, wadda ta goya ni. Ni na mai da ita dodo don in yi suna."

Jirgin ya zabura ya keta kogin, zoɓon da ke ciki ya janye, suka isa gaɓa. Tanimu ya yi godiya, mai fito ya juya kansa gefe.

Daga gaɓar sai wani fili na gilashi zalla, rana ta gasa shi har yana wuta. Tanimu ya taka, takalminsa ya fara narkewa. Kafin ya san inda zai sa ƙafa ya ji ƙarar kwano ta ko'ina, mutanen ƙarfe sun kewaye shi. Jikinsu langa-langa, kawunansu bokitai a kife, yadda ya sa maƙeri ya haɗa su cikin gaggawa. Suka ɗauke shi cak suka kai gaban babbansu, wanda ke zaune a tsakiyar tulin gero kamar dutse. Maganarsa ta ƙirji take fita.

"Ya ɗan Adam, ka ce mun baro tauraronmu don yunwar gero. Ka ba mu yunwa, ka ba mu gero, ka huda mana idanu mu riƙa kallonsa. Ina bakin?"

Tanimu ya duba. Ko ɗaya a cikinsu ba shi da baki. Ya tuna ranar, maƙerin ya ce a huda, shi ya ce a bari, kyamara ba za ta nuna ba.

"Ba za ka ƙetare filin nan da ƙafarka ba," in ji babban. "Ka buɗe mana baki, mu ƙetar da kai. In ka ƙi, za ka zauna tare da mu kana kallon gero."

Aka ba shi ƙusa da dutse. Ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana huda, bakin kwano na yanka masa yatsu, wannan karon kuwa abin da ke zuba ba zoɓo ba ne. Duk wanda aka buɗe wa baki sai ya faɗa kan gero yana ci yana kuka. Rana tana nan a tsaka ba ta motsa ba, shi kuwa ya ji kamar ya shekara yana bugu. Da ya gama da babban, sai ya ɗebi gero ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya dube shi.

"Wadda ka zo dominta, ta taɓa barin ka da yunwa?"

"Ko sau ɗaya," in ji Tanimu. Ya tuna shekarar da abinci ya yi wuya, tana ce masa ita ta riga ta ci a madafa, shi kuwa yana lashe kwano yana yarda.

Babban ya yi wa mutanensa nuni. Suka ɗora shi a jirginsu mai tashi, wanda ba komai ba ne illa farantin silba da aka taɓa rataya da zare a gaban kyamara, suka lula da shi sama da filin gilashi suka sauke shi a bakin wani kurmi.

Kurmin nan bishiyoyinsa ba sa 'ya'ya sai goruna, kowace gora da toshiyarta, suna reto ba iska. Wata farar mujiya mai tsawon mutum tana tsaye a bakin hanya, ta buɗe fukafukai ta tare shi.

"Nan ne ake ajiye dariyar duk wanda aka taɓa ɗauka a hoto, yadda ta fito daga bakinsa tun ba a taɓa ta ba. Fuska ba ta komawa wurin mai ita sai da dariyarta. Nemo ta gwaggonka. Ka kara kunne yadda kake so, amma gora ɗaya za ka tsinka. In ka tsinki ta wani, da ita za ka riƙa dariya har a makabarta."

Tanimu ya ce a ransa wannan kam mai sauƙi ce, dariyar da ya tashi a cikinta. Ya shiga yana kara kunne. Ga ta 'yan mata, ga ta 'yan kasuwa, ga ta munafukai mai fita ta hanci, ga ta tsofaffi iri-iri. Ya nemi ta Gwaggo a cikin kansa don ya gwada, sai ya ji babu. Duk inda ya juya, waccan doguwar dariyar da ya haɗa da hannunsa ce ke amsa masa. Ya saurare ta a ɗakin tace hoto har ta cinye ta gaskiyar. Ya zauna a gindin wata bishiya ya rufe fuska da tafukansa masu jini, ya yi kuka irin na wanda ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Yana cikin kukan hayaƙin tunani ya kai shi gaban kwamfuta, ranar da yake gyaran sautin. Akwai wani abu a ƙarshen dariyar da ya yanke ya yar, ya ce yana ɓata aiki. Tari ne. Ɗan busasshen tari da hayaƙin sabulu ya bar mata a ƙirji, wanda ke biyo bayan duk dariyarta. Shekara nawa tana shaƙar hayaƙin nan don ya yi karatu, shi kuwa abin da ya gani a ciki shi ne ƙazantar sauti.

Ya tashi ya daina sauraron farkon dariya, ya koma jiran ƙarshenta. Can cikin kurmi, a wani reshe na ƙasa-ƙasa, ya sami wata 'yar gora baƙa. Ya kara kunne. Dariya ce gajera, mai taushi, ta ƙare da tari biyu da "wash". Ya tsinke ta ya rungume. Mujiya ta naɗe fukafukanta ta ba shi hanya.

Bayan kurmi sai ga birnin. Ganuwarsa allunan talabijin ne jere a kan juna, kowanne na haska wani abin tsoro daban ba sauti. Ya shiga ta ƙofa ya faɗa tsakiyar kasuwa. Mutanen Majigi dogaye ne sirara, kuma ba su da fuska, sai fili sumul kamar bayan ƙwarya. A rumfuna an rataye fuskoki kamar riguna, masu saye na gwadawa suna duba madubi. Ya ga fuskokin 'yan wasansa da yawa, da fentinsu da gawayinsu, wasu har sun yage.

A ƙarshen kasuwa wata doguwar mace tana zaune a kan karaga. Ta juyo. Zanen agana, farin ido, ɗaya idon ja.

"Babana, ka iso?" ta ce da bakin Gwaggo.

Ya durƙusa.

"Tashi, ba ita ba ce. Ni ce Magajiyar Fuskoki. Mu jinsinmu ba mu da fuska sai wadda ɗan Adam ya yar, kuma dokarmu ba ta yarda da sata ba. Fuskar da aka nuna wa jama'a don su ji tsoronta, mai nunawar ya yar da ita, wanda ya tsinta tasa ce. Na sa na 'yan wasa ba adadi, duk ba sa jure wanki. Wannan kuwa an ɗauke ta tana kallon wanda take ƙauna, ba ta ɓoye komai ba. Irinta ba ta tsufa. Da ita nake shiga garinku in sha tsoron yara, abincina ke nan."

"Ranki ya daɗe, ki dubi girman Allah ki ba ni ita. Yau za a tsiraita ta a gaban mutane, kuma ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba."

"Ba a kyauta a kasuwa, ya ɗan Adam. Fuska da fuska ake musaya."

Ya gane abin da take nufi sarai. To, a nan ne Tanimu ya yi abin da ni mai ba da labarin nake jin nauyin faɗa. Bayan kogi, bayan ƙusa da dutse, bayan kukan da ya sha a kurmi, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro waya.

"Akwai wani mai riƙe mana fitila a wurin aiki, Barau. Yana da wani tabo daga kunne har haɓa, ga haƙora a waje. Ina da hotonsa nan. In na sa shi a shirin mako mai zuwa, wallahi sai ya fi wannan ban tsoro."

 Masu gwada fuska suka ajiye. Wata mai rumfa ta jawo ɗanta ta toshe masa kunnuwa. Ɗaya bayan ɗaya, halittun nan marasa idanu suka juya masa baya, don ba su iya fuskantarsa.

Magajiya ta miƙe tsaye. "Ya ku mutanen Majigi, ku shaida. Mu ne ake zanawa da ƙaho da kofato."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Tanimu ya gode mata. Ya ji maganar tasa tana ta yawo a kunnensa, ya ga kansa yadda aljanu suka gan shi, mutumin da ya zo gyara ɓarna da wata sabuwar ɓarnar a aljihu. Wayar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Ki ɗauki tawa," ya ce, kansa a ƙasa.

"Ka san sharaɗin? Ba zan bar ka da fili ba, fuskarka na nan inda take. Amma ni ma zan sa ta, in yi yawo da ita. Duk abin da mutane suka ji game da gwaggonka zai dawo kanka. Yaro zai gan ka ya yi kuka, babba zai gan ka ya sake hanya, har ranar da za a rufe fuskar taka da ƙasa."

"Na ji. 'Yar Sarkin Fawa fa?"

"Tsoro ne ya kwantar da ita. In fuskar ta koma ga mai ita, abin da na sha zai koma inda na ɗebo shi. Ɗago in gani."

Ya ɗago da ƙyar. Ta daɗe tana dubawa, tana juya haɓarsa kamar mai taya akuya.

"Ba ta kama ƙafar tata ba. Kunya ta cinye ta kamar yadda asu ke cin zane. Amma na karɓa."

Ta shafa tafinta mai sanyi daga goshinsa zuwa haɓa. Sannan ta ɓare fuskar Gwaggo daga kanta a hankali, ta shimfiɗa a sabuwar ƙwarya, ta karɓi 'yar gorar ta tsiyaye dariyar a kai. Jan idon ya wanke, duhun hayaƙin ya fita. Ta rufe da faifai ta miƙa masa. Da ya dube ta zai yi godiya, sai ya ga kansa ne ke kallonsa.

"Kada ka buɗe sai a gabanta. Bi ta nan."

Ta nuna wani allo a jikin ganuwa. Ya kutsa, sai ga shi a cikin kangon sinima, awaki na watsewa daga gabansa. Inuwa ta riga ta yi tsawo, an daɗe da sallame la'asar.

Ya bar babur a nan ya zuba da gudu, ƙwarya a ƙirji. Ƙofar gidan Sarkin Fawa ba masaka tsinke. An shimfiɗa Hanne a tabarma, idonta a rufe. Ladidi na gefe tana ta magiya ba mai sauraronta. Gwaggo Yalwa na tsaye a kan yarinyar, 'yar ƙarama a cikin taron, mayafinta a kafaɗa, hannunta a kan ƙullin zane.

Bai sha wahalar ratsawa ba. Duk wanda ya waiwayo ya gan shi sai ya ja da baya yana neman tsari. Wata mai talla ta saki farantinta. Ya zube a gaban Gwaggo ya ɗaga faifan.

Ba a ga komai ya fito ba, sai wata 'yar iska mai ƙamshin sabulu ta bi ta kan taron. Mutane suka ƙifta ido suka sake dubawa. Ba kowa a gabansu sai Yalwa mai sabulu, wadda da sabulunta aka yi wa yawancinsu wankan farko. Hanne ta yi atishawa ta buɗe ido ta ce ruwa. Sai idonta ya faɗa kan Tanimu, ta ƙwala ihu ta rarrafa ta ƙanƙame ƙafafun Gwaggo.

"Jama'a," in ji Tanimu, "gwaggona ba mayya ba ce. Sabulu take dafawa na ɗauke ta ba da saninta ba. Ni na rina idon, ni na sauya dariyar. Ƙarya na yi muku don shirina ya karɓu."

 Sarkin Fawa ya dubi hannun tsohuwar da ke kan ƙullin zane, ya sunkuyar da kai. Na baya-baya suka fara sulalewa, kowa na kallon ƙafarsa. Yara kuwa sai kuka suke suna nuna Tanimu.

Gwaggo ta shafa kan Hanne ta miƙa wa uwarta. Sannan ta matso ta dubi Tanimu ido cikin ido, ita kaɗai a duk wurin, ta ga yatsunsa.

"Me ya yanke ka haka, Babana?"

"Gwaggo, ki bar ta yatsu. Abin da na yi miki, ba ki san..."

"Na sani. Tun makon farko wata mai sayen sabulu ta nuna mini a wayarta."

Tanimu ya ce, "Kika yi shiru?"

"To, me zan ce? Ko da safen nan Sarkin Fawa ya tambaye ni a gaban dattawa. Ya ce, Yalwa, ɗayan biyu ne, ko ke mayya ce, ko ɗanki maƙaryaci ne, faɗi wanne." Ta gyara ƙullin zanenta ta ɗaure shi tam. "Ni da bakina in ce da kai maƙaryaci a bainar jama'a? Sai na ga zanen ya fi sauƙi."

Tanimu ya kifa goshi a ƙasa. Duk abin da ya gani a Birnin Majigi bai kai wannan maganar nauyi ba.

Ta ga yaran ba su daina kuka ba. Ta cire mayafinta ta lulluɓa masa a ka har fuska, ta kama tsintsiyar hannunsa ta tashe shi. Mutane suka dare suka ba su hanya.

"Taho a hankali," in ji ta, "akwai kwata a gabanka."